GIDAN HAYA A BAKIN GULBI: JAWABI GA MASU NIYYAR FARAWA A ƘASAR HAƊEJIYA

 

An ba mu wannan kan magana ne saboda tambayar da ta yawaita a ƙofar dattawa. Ɗan'uwa ya yi ritaya an biya shi kuɗin sallama, ko kuwa kasuwa ta ɗan yi masa kyau, sai ya zo ya ce yana so ya gina gidan haya, me za a ce masa? Mu da muke tsaye a gabanku ba lauyoyi ba ne, ba kuma injiniyoyi ba. A cikinmu akwai tsohon malamin makaranta, akwai ɗan kasuwa, akwai magini, kowannenmu kuma ya riƙe 'yan ɗakunan haya a garin nan shekaru masu dama. Mun zauna mun haɗa abin da muka gani, har da kurakuranmu, domin waɗanda ke tafe su tsallake ramin da muka faɗa.

Abin da ya sa muka ɗauki zancen da nauyi shi ne irin kuɗin da ake sawa a ciki. Ma'aikacin da ya yi shekara 35 yana aiki, sau ɗaya ake ba shi kuɗin sallama a rayuwarsa. Idan suka nutse, ba shi da sauran ƙarfin da zai nemo wasu. Yawancinmu kuma ba mu da gonar gado a ƙasar nan da za mu koma mata. Saboda haka ku yi haƙuri da mu, za mu daɗe a kan maganar ruwa fiye da kowace magana, domin a Haɗejiya ruwa ne ke fara yanke wa gidan haya hukunci kafin ɗan haya ya shigo.

Ruwan da ke cin gidaje a nan iri uku ne. Na farko ruwan gulbi. Kogin Haɗejiya ya samu ne daga haɗuwar kogin Kano da kogin Challawa, ya biyo ta Wudil da Ringim kafin ya iso mana, daga nan ya rarrabu cikin fadamun da suka miƙe har Nguru. A kan kogin Kano akwai madatsar Tiga da aka gama a 1974, a kan Challawa kuma akwai madatsar da aka gama a 1992. Ma'anar wannan ita ce ruwan da zai shigo maka ɗaki ba lallai a kan rufinka aka yi shi ba. Ana iya yin kwana goma babu ko yayyafi a Haɗejiya, amma gulbi yana ta hauhawa, domin can ƙasar Kano aka sheƙa shi, madatsu suka cika suka tumbatsa. Shi ya sa tsoronmu yake daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, lokacin da baƙo yake zaton damina ta fara ja da baya. Ga kuma ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasa da mu, ruwa ya rasa inda zai wuce da sauri, sai ya bazu gefe. Mun ga ambaliya a 2010, mun gani a 2012 da 2018 da 2020. Ta 2022 kuwa babu wanda ya manta yadda mutanen gari, babba da yaro, suka riƙa kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa don kada ruwa ya shigo gari. Matasanmu ma da su aka yi.

Na biyu ruwan sama da ya rasa mafita. Ƙasarmu shimfiɗe take, babu gangara. Kududdufin da a da yake shanye ruwan unguwa, an cike shi da shara an yanka fuloti an sayar. Amma ruwa bai san an sayar ba, duk damina sai ya dawo gidansa.

Na uku shi ne wanda mutane ba su cika lura da shi ba, wato ruwan da ke tasowa daga ƙasa. Hausawa suna cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. To, a wasu unguwanninmu ko ba ka tona ba shi zai zo ya same ka. Daɓe ya yi sanyi, gindin bango ya jiƙe, fenti ya kumbura ya zube, wani farin gishiri kamar kanwa ya fito yana cin bulo. Irin wannan ba ya rushe gida a dare ɗaya, a hankali yake cinsa, yana cin kuɗin hayar kuma wajen gyara.

Bari mu ba ku labarin ɗaya daga cikinmu, da izininsa. A watan Maris wani dillali ya kai shi ya ga fili a bayan gari. Ƙasa a bushe ƙamas, wuri shimfiɗe gwanin kyau, farashi kuma bai kai rabin na filayen da ke kan tudu ba. Dillali ya ce akwai wani mai so, in bai biya a makon nan ba ya rasa. Ya biya. Ya gina ɗaki shida, ya sa 'yan haya. Shekara biyu lafiya lau, har yana yi mana dariya. A 2022 ruwa ya kwana mako uku a tsakar gidan, masai ya cika ya tumbatsa, bango biyu suka tsage. 'Yan haya duka suka tashi, huɗu daga cikinsu suka nemi ragowar kuɗinsu, shi kuwa ya riga ya kashe su a kuɗin makarantar yara. Bayan komai ya lafa sai wani tsoho a unguwar ya ce masa, ai a wurin nan muke kama tarwaɗa muna yara. Da ya yi wannan tambayar kafin ya biya, da gaisuwa da goro kaɗai za ta ci masa.

Don haka shawararmu ta farko, wadda muke so ko an manta da sauran a tuna da ita: kada ka sayi fili a ƙasar Haɗejiya da ganin rani kaɗai. In ka ga fili ya yi maka, ka jira Satumba ka koma da ƙafarka. In mai fili ya ƙi jira, ka bar masa kayansa, wani zai fito. In kuwa dole ce ta sa za ka duba da rani, ƙasa tana da bakin magana ga mai lura. Baƙar laka mai tsattsagewa alamar makwancin ruwa ce. Ka dubi katangun maƙwabta, sau da yawa za ka ga layin da ruwa ya bari a jikinsu, wani a gwiwa, wani a ƙugu. Ka leƙa rijiyar kusa ka ga nisan ruwanta. Ka dubi tsayin titi, in titi ya fi filin tsayi, ka san inda ruwan titin zai sauka. Sannan ka tambayi waɗanda ba su da la'ada a cinikin: tsofaffin unguwa, masunta, masu noman shinkafa, matan da ke aike yara ɗebo ruwa. Tambaya ɗaya ce, a 2022 ina ruwa ya tsaya? Araha ba ta ado, a nan kuwa arahar fili kusan kullum tana da dalili.

Wanda ya riga ya sayi fili a wuri mai ɗan kwari, ba mu ce ya yi asara ba, amma ya san ginin zai ci kuɗi a ƙasa fiye da sama. Maginin da ke cikinmu ya ce a gaya muku a ɗaga harsashin gini ya wuce layin ruwan da aka taɓa gani, a cike da jar ƙasa a daddage ta, a zuba kankare, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a ɗora bulon bango, domin ita ke hana danshi hawa. Kada a yarda da bulon da aka buga da rowar siminti, wanda in ka murza shi da yatsa yake zubewa. Mutane sukan matse kuɗi a harsashi don su sayi tayil da fenti mai ƙyalli. Ɗan haya zai yaba tayil ranar da ya shigo, amma harsashi ne zai riƙe shi shekara biyar. Masai da sokawe a ɗaga bakinsu, a nisanta su da rijiya ko burtsatse gwargwadon yadda fili ya ba da hali. Inda ruwan ƙasa yake kusa, abin da ke cikin masai ba ya wuyar isa rijiya. Mun ga yadda amai da gudawa ya yi ɓarna a Jigawa a 2021, ba ma so a ce a gidan ɗayanmu yaron wani ya kamu. Kwatar gida kuma a san inda za ta bi tun kafin a fara gini. Rigimar maƙwabta da muka fi sasantawa ita ce ta wanda ya ɗaga gidansa ya juye wa na kusa da shi ruwa.

Sai maganar takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, yana riƙe da ita amana domin jama'a. A cikin gari gwamnatin jiha ce ke ba da takardar shaidar mallaka, yawanci ta shekara 99, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin gargajiya. Filin da ke da takardar gwamnati, sayar da shi yana bukatar amincewar gwamna kafin ya koma sunanka. 'Yar takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu tana da amfani ƙwarai, kada ka saya ba tare da sanin mai unguwa da dagaci ba, amma ita mafari ce. Ka kai ta ofishin ƙasa a bincika ko wurin yana cikin filin makaranta, ko hanya, ko hanyar ruwa. Ka nemi safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka, ka nemi izinin gini. In filin gado ne, a tara magada duka su sa hannu, har da mata, har da wanda yake Kano ko Legas. Magajin da aka tsallake yakan ɓullo ne bayan ka ɗora kwano. Mun sani bin waɗannan ofisoshi yana cin lokaci da kuɗin mota zuwa Dutse. Amma mu da ba mu da dangi da yawa a gari da za su tsaya mana shaida ranar jayayya, takarda ce danginmu. Kuɗi kuma a biya ta banki, sunan mai saye da na mai sayarwa su fito.

Yanzu mu zo kan lissafi, inda yawancin masu farawa ke ruɗin kansu. Za mu ɗauki misali, kowa ya cire lambobinmu ya sa nasa. A ce fili da gini sun ci maka naira miliyan 15, ka fitar da ciki da falo guda huɗu, kowane ana biyan 150,000 a shekara. A baki kana da 600,000. To, ɗaya ya zauna wata shida babu kowa, ka rasa 75,000. Gyaran kwano da famfo da ƙofa da fenti bayan damina, a ce 100,000. Kwashe masai, la'adar dillali, harajin fili da 'yan ƙananan abubuwa, a ce 50,000. Abin da ya rage a hannunka 375,000. Da wannan, sai ka shekara 40 kafin kuɗin da ka zuba su dawo. Ba mu ma sa shekarar ambaliya a ciki ba.

Wani zai ce to mene ne amfanin yi? Amfanin yana nan, amma ba a inda ake zato ba. Gida yana riƙe darajar kuɗinka lokacin da naira ke zubewa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kowa ya ga yadda kaya suka tashi. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 a ƙarshen 2023 ya haura 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024, a watan Disamba 2024 kuma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 bisa lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Wanda ya ajiye kuɗin sallamarsa a asusu ya ga sun narke yana kallo, wanda ya riga ya gina kuwa gininsa ya bi farashi ya tashi. Kuɗin haya na cefane ne da magani, ainihin ajiyar tana cikin filin da ginin. Kun ga ke nan dalilin da ya sa muka daɗe a kan ruwa: filin da gari ya san yana cin ruwa ba ya tashi kamar sauran, ranar da ka matsu ka sa shi a kasuwa ma sai an yi maka tayin wulaƙanci.

Daga wannan lissafi abu biyu suka fito. Kada a ci bashin banki a gina gidan haya. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba mutane. Gidan da ke kawo kashi 3 ko 4 ba zai taɓa biyan bashin da ke cin kusan kashi 30 ba. Sannan kada a zuba kuɗin sallama duka. Gara ka gina ɗaki uku ka gama su tsaf, da banɗaki da ƙofa da ruwa, ka bar wani abu a hannu, da ka kafa harsashin goma su tsaya a linta. Ku zaga bayan gari ku ƙirga kangwayen da ciyawa ta cinye. Kusan kowane akwai mai shi da ya ce zai ƙarasa baɗi. Ga mai hali, akwai inshorar gida, amma a tambaya da kyau: ta gobara zalla ba ta biyan ɓarnar ambaliya sai an ƙara ta a cikin takarda.

Wa kake gina wa? Wannan ma a yi tunaninsa kafin a sayi bulo. Masu neman haya a nan sanannu ne: ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman, ma'aikata da ɗaliban Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa wadda aka kafa a 2013, ma'aikatan asibiti da na bankuna, 'yan sanda, malaman makaranta, masu yi wa ƙasa hidima, da 'yan kasuwar da kifi da shinkafa da riɗi ke kawowa. Haɗejiya ba Abuja ba ce. Katafaren gida mai ɗaki huɗu da falo biyu yakan daɗe a rufe, ɗaki ɗaya mai banɗaki a ciki ko ciki da falo kuwa ba ya kwana. Kowane irin ɗan haya kuma da lokacin kuɗinsa. Mai albashi ya fi jin daɗin biya kaɗan-kaɗan, ana kuma iya canja masa wurin aiki a tsakiyar shekara. Wanda abincinsa ke fitowa daga gona ko fatauci, da kaka yake da kuɗi. In ka sa ranar biyansa a watan Yuli, kai ka jawo wa kanka zarya.

Ga wata magana da sai a irin wannan taro za a iya faɗinta. Hayar da ta fi wuyar karɓa ita ce ta ɗan'uwan da kuke zama benci ɗaya ranar Lahadi. An ba shi ɗaki ba takarda, domin kunya. Shekara ta zagayo ya ce a yi haƙuri. Ta biyu ta zagayo, mai gida ya fara sauya wurin zama a sujada don kada su haɗa ido, matansu sun daina gaisawa a zumunta, daga ƙarshe magana ta zo gaban dattawa, babu wanda ya san nawa ne ainihin bashin. Dattawan da ke nan sun san sau nawa suka zauna a kan irin wannan. Ba mu ce kada a taimaki ɗan'uwa ba. In za ka taimaka, ka taimaka a fili: ka ce na rage maka kaza, ko na yafe maka wata shida, a rubuta. Sauran kuma haya ce, a biya ta kamar yadda ake biyan kowa. Mu ma 'yan haya da ke cikin taron nan, mu tuna wata gwauruwar da kuɗin ɗakin nan take ci.

Yarjejeniya ba sai ta yi shafi goma ba. Sunan mai gida da na ɗan haya, wane ɗaki, nawa, daga yaushe zuwa yaushe, mutum nawa za su zauna, wa zai gyara me, wata nawa za a ba da sanarwa kafin ƙarin kuɗi ko tashi, sai shaidu biyu. A rubuta da harshen da ɗan haya yake ji, a karanta masa, kowa ya riƙe kwafi. A ɗauki hoton ɗakin da waya ranar da ya shiga. Kowane biya a ba da rasit. Ma'aikata ma za su riƙa neman rasit ɗin da kansu, domin sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025, aka kuma sa 1 ga Janairu 2026 ranar fara aikinta, ta ba mutum damar a cire masa kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya daga kuɗin da za a yi masa lissafin haraji a kai, iyakarsa naira 500,000. Wutar lantarki kuwa, in da hali kowane sashe ya sami mitarsa ta kati daga KEDCO. Inda mita ɗaya ce, a rubuta yadda za a raba, a kuma duba bashin da ke kanta kafin mutum ya kwashe kayansa.

Wajen zaɓen ɗan haya, hali za a duba. Ka tambayi inda yake aiki, ka tambayi inda ya taso da dalilin tasowarsa, ya kawo wanda ya san shi, ka kai shi ya gaida mai unguwa. Wasu daga cikin 'yan hayar da suka fi riƙe mana amana Musulmi ne, wasunmu kuma shekara da shekaru muka yi a gidajen Musulmi kafin mu gina namu, ba a taɓa ɗaga mana murya ba. Wanda ya taɓa jin zafin a hana shi ɗaki saboda sunansa, bai kamata ya yi wa wani haka ba. Amma ka sani duk abin da ɗan haya ya yi, da sunanka unguwa za ta kira gidan. Jihar nan tana bin tsarin shari'a tun shekarar 2000. A rubuta a yarjejeniya cewa ba a sayar da giya a gidan, ba a tara baƙin da ba a san su ba, ba a damun maƙwabta da kiɗa da dare. Gidan da aka ba da izininsa don kwana kuma kada a mai da shi wurin taro ko wata sana'a ba tare da an koma an nemi izini ba. Zaman lafiyar da iyayenmu suka gina da mutanen garin nan ya fi kuɗin hayar shekara tsada.

In zama ya ƙi, doka ba ta yarda mai gida ya zama alƙalin kansa ba. Cire ƙofa, kware kwano, sa kwaɗo, watsa kaya waje, yanke ruwa, ko ɗauko 'yan sanda a kan bashin haya, duk suna iya mai da mai gaskiya mai laifi, har ya biya diyya. Ƙa'idar da kotuna suka saba bi, inda yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, ita ce mai biyan wata-wata a ba shi notis na wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku a ba shi wata uku, mai biyan shekara a ba shi wata shida. In wa'adi ya cika bai tashi ba, a ƙara masa takardar kwana bakwai cewa za a kai ƙara, sannan a tafi kotu. Kuskure kaɗan a kwanan wata yana iya ɓata notis a koma farko, saboda haka a nan kam a biya lauya ya rubuta. Kafin a kai can, a gwada mai unguwa da dattawa. Sau da yawa yafe wata biyu mutum ya tashi cikin mutunci ya fi sauƙi a kan shekara guda ana zaryar kotu.

Mu koma kan ruwa ta fuskar ɗan haya. In gidanka ya taɓa cin ruwa, ka gaya wa mai nema kafin ya biya. Malamar asibitin da aka turo daga wata jiha a watan Janairu ba ta san komai game da Satumbarmu ba. In ka ɓoye mata, katifarta da takardun makarantarta suka jiƙe, amana ka ci, ko da kotu ba ta kama ka ba. A kuma rubuta tun farko abin da za a yi in ruwa ya tashi mutane: watannin da ba a zauna ba, za a mayar da kuɗinsu ne ko za a ƙara su a gaba? A ganinmu ba daidai ba ne a karɓi hayar ɗakin da kwaɗi ke kwana a ciki. Wannan ne ma ya sa muke cewa kada a cinye kuɗin shekara a watan da aka karɓe su. A ware na wata biyu a ajiye, kada a taɓa sai damina ta wuce. Kowace shekara hukumomin hasashen yanayi da na kula da koguna suna fitar da gargaɗi kafin damina, ana faɗa a rediyo. Mai gida ya saurara, ya yashe kwata tun watan Mayu, ya duba kwano, ranar aikin gayya a bakin jinga kuma a gan shi ko a ga ɗansa, domin gidansa ake karewa.

Saura magana ɗaya, ta iyayenmu mata ce, sun kuma roƙe mu kada mu tsallake ta. Da yawa cikinmu asalinmu Filato ne, ko kudancin Kaduna, ko Adamawa, ko kudu. Mutum ya gina gida a nan, takardu suna cikin akwatin da shi kaɗai ya san inda mabuɗinsa yake, matar da suka tara kuɗin tare da adashinta ba ta san ko nawa ake biya ba. Ranar da ya rasu, 'yan'uwa su zo daga gida su ce gidan ɗan'uwansu ne, a sayar a raba. 'Yan haya su ma su ga babu mai tambaya, su daina biya. Mun ga wannan da idonmu, ba sau ɗaya ba. In kun tara tare, a sa sunan miji da mata a takardar saye. A rubuta wasiyya a gaban lauya da shaidu tun ana da lafiya. Uwargida ta san kowane ɗan haya da ranar biyansa, littafin rasit ma ya zauna a hannunta. Wanda kuma yake da niyyar komawa garinsu bayan ritaya, ya yanke shawara tun yanzu: ko ya sayar kafin ya tafi, ko ya naɗa wakili a rubuce, da ladansa, da ranar da zai riƙa turo lissafi. Gidan haya a Haɗejiya ba ya riƙuwa ta waya daga nisan kilomita ɗari biyar, musamman a watan Satumba.

Shugaban taro ya ɗaga mana hannu, lokaci ya ƙure. Wanda yake da takardar fili ko yarjejeniyar da yake so a duba masa, za mu zauna a bayan ɗakin taro bayan an tashi. Wanda kuma yake da filin da yake shirin biya a wannan makon, muna roƙonsa ya fara ganinmu tukuna.